Adanawa da daskarar da kek-pop

Kek-pop wani nau'in kayan zaƙi ne da ake yi da marmashin kek wanda aka cuɗa da kirim, aka mulmula shi ƙanana kamar ƙwallo, aka soka masa tsinke, sannan aka tsoma shi cikin narkakken cakulan. Sunan ya fito ne daga haɗa kalmomin Turanci guda biyu, wato kek da lolipop, alewar nan mai tsinke. Da yake yin sa yana cin lokaci, masu yin sa a gida kan haɗa da yawa a lokaci guda su ajiye, musamman idan ana shirin biki ko suna ko walimar yara. Ana iya ajiye shi a ɗaki, ko a firji, ko a daskarar da shi a firiza, kuma kowace hanya tana da iyakarta.

Abubuwa biyu ne suka fi ɓata kek-pop a wajen ajiya: danshi da kuma sauyin zafi da sanyi na farat ɗaya. Yawancin ƙa'idojin adana shi sun ginu ne a kan kauce wa waɗannan biyun. Saboda haka ne masu sana'ar suka fi son daskarar da curin kek ɗin tun kafin a lulluɓe shi da cakulan, a kuma narkar da shi sannu a hankali cikin rufaffen mazubi.

Asali

Cuɗa ragowar kek a mulmula shi tsohuwar dabara ce ta masu gidajen burodi don gudun asara. A ƙasar Danmak akwai romkugler, a Rasha kuma akwai kartoshka, kuma dukansu ana yin su da ragowar kek ko biskit. Kek-pop mai tsinke kuwa ya yi suna ne a Amurka a shekarar 2008 ta hannun Angie Dudley, wata mata daga jihar Jojiya da aka fi sani da Bakerella. A wannan shekarar ta bayyana a shirin talabijin na Martha Stewart, sannan a 2010 kamfanin Chronicle Books ya buga littafinta mai suna Cake Pops. A 2011 kamfanin Starbucks ya fara sayar da shi a shagunansa, abin da ya ƙara yaɗa shi zuwa ƙasashe da dama.

Sassansa da abin da ke ɓata kowanne

Kek-pop yana da sassa uku, kuma kowanne yana da abin da ba ya so.

Na farko shi ne curin ciki. Ana yin sa da gasasshen kek da aka marmasa, aka zuba masa kirim daidai yadda zai kama jikinsa. Girman curi ɗaya kan kai santimita 3 zuwa 4, kuma kek guda mai matsakaicin girma kan ba da curi 40 zuwa 50. Kirim ɗin da aka cuɗa da shi ne yake nuna tsawon kwanakin da zai yi. Kirim na bota da garin sukari yana daɗewa, domin yawan sukari yana riƙe ruwan da ke cikinsa ya hana ƙwayoyin cuta samun abin da za su hayayyafa da shi. Kirim ɗin da aka yi da cuku mai laushi, ko ɗanyar madara, ko ƙwai, ko markaɗaɗɗun ƴaƴan itace, ba ya jure zaman ɗaki.

Na biyu shi ne lulluɓin waje. Cakulan na ainihi yana ɗauke da man koko, wato kitsen da ake tatsa daga ƙwayar da ake yin cakulan da ita, kuma wannan man yana narkewa a wajen digiri 34 a ma'aunin Salshiyas. Akwai kuma cakulan na lulluɓi wanda aka maye gurbin man kokonsa da man itatuwa irin su man alayyadi. Shi ya fi sauƙin aiki ga masu yi a gida, domin yana ƙanƙamewa da kansa ba tare da an bi matakan daidaita zafi da cakulan na ainihi yake buƙata ba. Lulluɓin yana aiki kamar ɓawo: yana tsare danshin kek ɗin a ciki, yana kuma hana iska shiga. Idan ya tsage ko ya huje, kek ɗin yakan fara bushewa.

Na uku shi ne tsinken. Yawanci ana yin sa da naɗaɗɗiyar takarda mai tauri, wasu kuma da roba ko gora. Tsinken takarda yana shan danshi da mai, sai ya yi laushi ko ya canza launi idan ya daɗe a cikin sanyi.

Ajiya a ɗaki

Kek-pop da aka gama lulluɓewa, wanda kirim ɗinsa na bota da sukari ne, yana iya yin kwanaki a ɗaki mai sanyi-sanyi. Masu sana'ar kan ƙiyasta daga kwana uku zuwa mako guda, amma wannan ƙiyasin an yi shi ne da ɗakin da zafinsa yake wajen digiri 20. Ana jira lulluɓin ya bushe sarai, sannan a saka kowanne cikin ƴar ledarsa a ɗaure bakin, ko a jera su a roba mai murfi. Ana nisanta su da rana, da murhu, da taga.

A wuraren da zafi ke wuce digiri 30 wannan hanyar ba ta da tabbas. Cakulan yakan fara laushi tun kafin ya kai ga narkewa, botan da ke cikin curin ma yakan saki, har curin ya zame daga tsinke.

Ajiya a firji

Firji mai aiki daidai yana riƙe sanyi a digiri 4 ko ƙasa da haka. A wannan sanyin yawancin ƙwayoyin cuta suna rage saurin hayayyafa, shi ya sa duk kek-pop ɗin da aka cuɗa da cuku ko madara ko ƴaƴan itace dole ne ya zauna a firji. Wanda aka lulluɓe kan yi mako ɗaya zuwa biyu idan kirim ɗinsa na bota ne, mai kayan madara kuwa an fi so a cinye shi cikin ƴan kwanaki. Curin da ba a lulluɓe ba ana ajiye shi kwana ɗaya ko biyu kafin a tsoma.

Sai dai firji yana da nasa aibin. Sitacin da ke cikin fulawa yana kumbura ya yi laushi a lokacin gashi, bayan kek ya huce kuma sai ya riƙa komawa yana taurarewa a hankali. Wannan taurarewar ta fi sauri a sanyin da ke dab da digiri 0, wato daidai sanyin firji. Dalilin ke nan da burodi yake saurin tsufa a firji fiye da a kan tebur. Kek-pop ya fi burodi jure wannan saboda man da sukarin da ke cikinsa, amma idan ajiyar za ta wuce mako guda, firiza ta fi firji kiyaye laushinsa.

Wani aibin shi ne wari. Bota da cakulan suna ɗaukar warin abin da ke kusa da su, kamar albasa, kifi, daddawa ko tafarnuwa. Don haka mazubin yana buƙatar murfi mai kama baki sosai. Wasu kan shimfiɗa takarda mai shan ruwa a ƙasan robar don ta tsotse raɓar da ke taruwa.

Daskarewa a firiza

Ma'aunin firiza na gida shi ne digiri 18 ƙasa da sifili. A wannan sanyin ƙwayoyin cuta da fumfuna suna daina hayayyafa, taurarewar sitaci ma tana kusan tsayawa. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta bayyana cewa abincin da ya ci gaba da zama a wannan sanyin ba tare da yankewa ba ba ya zama haɗari ga lafiya komai daɗewarsa; wa'adin da ake sakawa na ɗanɗano ne da laushi. Ga kek-pop, wa'adin da aka saba bayarwa shi ne daga mako shida zuwa wata uku.

Idan ruwa ya zama ƙanƙara yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Daskarewa a hankali tana haifar da manyan ƙwayoyin ƙanƙara masu yayyaga jikin abinci, daskarewa da sauri kuma tana haifar da ƙanana waɗanda ɓarnarsu kaɗan ce. Kek-pop yana da sa'a a nan, domin ƙarami ne, sanyi yana ratsa shi da wuri, kuma cike yake da mai da sukari, ruwansa ba shi da yawa. Shi ya sa curin yake fita daga firiza kusan yadda ya shiga.

Daskarar da curin da ba a lulluɓe ba

Wannan ita ce hanyar da aka fi yarda da ita, domin babu cakulan da zai tsage ko ya yi dabbare-dabbare, babu kuma tsinken da zai jiƙe. Matakan su ne:

1. Ana barin kek ya huce gaba ɗaya kafin a marmasa shi. Kek mai ɗumi yana narkar da kirim, tururinsa kuma yakan koma ƙanƙara a cikin leda.
2. Ana mulmula curin a jera su a kan tire da aka shimfiɗa wa takardar gashi, ba tare da sun taɓa juna ba.
3. Ana saka tiren a firiza na awa ɗaya ko biyu har sai sun yi tauri. Wannan daskarewar farko ita ke hana su mannewa da juna ko lotsewa.
4. Ana kwashe su a zuba cikin ledar firiza mai zif, a matse iskar ciki ta fita gwargwadon iko, sannan a saka ledar cikin roba mai murfi.
5. Ana rubuta ranar da aka daskarar a jikin mazubin, a kuma ajiye shi can ciki nesa da ƙofa, inda sanyi ba ya yawan sauyawa.

Raba su kashi-kashi cikin ƙananan ledoji ya fi zuba su duka wuri guda, saboda a riƙa ɗaukar abin da ake buƙata kawai. Ana kuma iya daskarar da cuɗaɗɗen haɗin tun kafin a mulmula, ko ma gasasshen kek ɗin kansa, a naɗe shi da ledar naɗe abinci ninki biyu.

Daskarar da wanda aka lulluɓe

Ana iya daskarar da kek-pop da aka gama, amma haɗarin ɓacin kamanninsa ya fi yawa. Curin da cakulan ba sa tsukewa ko buɗewa da sauri iri ɗaya idan sanyi ya kama su ko ya sake su, wannan bambancin kuma shi ke jawo tsagewa. Don rage wannan, ana fara saka su a firji na ƴan awoyi kafin a mayar da su firiza. Ana naɗe kowanne shi kaɗai, a kwantar da su a roba mai tauri, a raba kowane jeri da takarda don kada nauyin na sama ya fasa na ƙasa. Kayan adon da aka yi da sukari, kamar ƴan ƙananan alewa masu launi da ake yayyafawa a kai, sukan zubar da launinsu idan raɓa ta taɓa su, don haka wanda aka yi wa ado sosai bai dace da firiza ba.

Narkarwa

A wajen narkarwa aka fi yin asara. Idan abu mai tsananin sanyi ya haɗu da iska mai ɗumi, ruwan da ke cikin iskar yakan kwanta a jikinsa, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi take yin gumi. Idan aka buɗe robar kek-pop da zarar ta fito daga firiza, wannan raɓar a kan cakulan za ta sauka. Idan kuwa robar tana rufe, a bayan robar za ta taru.

Saboda haka ana ɗauke mazubin daga firiza zuwa firji a bar shi ya kwana a rufe. Washegari a fito da shi a ajiye a ɗaki na kamar awa ɗaya, har yanzu a rufe, sai ya daina sanyi a hannu kafin a buɗe. Ba a narkar da kek-pop a rana, ko kusa da wuta, ko cikin na'urar ɗumama abinci.

Curin da za a tsoma ana so ya kasance da ɗan sanyi da tauri, amma ba daskararre ba. Ana fara tsoma bakin tsinke cikin narkakken cakulan, a soka shi har tsakiyar curin, a jira ya kama. Wannan ɗigon cakulan shi ne ke zama gam tsakanin tsinke da kek. Narkakken cakulan ɗin ma ana barin sa ya ɗan huce. Mai aiki da cakulan na ainihi yakan riƙe baƙin cakulan a digiri 31 zuwa 32, mai madara da fari kuma ƙasa da haka kaɗan. Dole ne jikin curin ya bushe, domin ko ɗigon ruwa kaɗan ya shiga narkakken cakulan yana sa shi ya dunƙule ya yi gudaji, ya ƙi kwanciya.

Matsalolin da aka fi samu

Tsagewar lulluɓi. Tana faruwa ne idan an tsoma curi mai tsananin sanyi cikin cakulan mai zafi. Cakulan yakan ƙanƙame nan take, curin kuma yana ɗumama yana buɗewa, sai ya fasa ɓawon daga ciki. Maganinsa shi ne rage tazarar zafi tsakanin su biyun. Wanda ya riga ya tsage ana iya sake tsoma shi karo na biyu.

Farin dusa a kan cakulan. Iri biyu ne. Idan raɓa ta kwanta a kan cakulan tana narkar da sukarin da ke samansa, idan ta bushe sai ta bar farin gari mai kaushi. Idan kuma cakulan ya yi zafi ya sake hucewa, man da ke cikinsa yakan taso sama ya bar tabo mai toka-toka mai santsi. Dukansu biyu ba fumfuna ba ne, ba sa cutarwa, kamanni kawai suke ɓatawa. Fumfuna ita tana da gashi-gashi da wari.

Ƙunar firiza. Idan iska tana taɓa curin a cikin firiza, ƙanƙarar da ke samansa takan tashi ta bi iska ba tare da ta koma ruwa ba, sai wurin ya bushe ya yi fari-fari, ɗanɗanonsa ya dushe. Matse iska daga leda da rufi ninki biyu su ke hana wannan.

Tsattsafowar mai. Idan lulluɓin ya bar ɗan huji, musamman a gindin tsinke, mai ko kek yakan tsattsafo ta nan yayin da curin yake ɗumama. Yawan kirim a cikin haɗin yana ƙara wannan matsalar, yana kuma sa curin ya yi nauyi ya zame.

Kiyaye lafiya

Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, dakatar da su kawai take yi. Da zarar abinci ya narke sai su ci gaba daga inda suka tsaya. Da yake da hannu ake mulmula kek-pop bayan an gama gashi, kuma ba a sake dafa shi, tsabtar hannu da ta kwanuka tana da muhimmanci fiye da a yawancin kayan fulawa. Ƙwayar cutar da ke kan fatar mutum ko a cikin ciwon yatsa tana iya shiga haɗin kai tsaye.

Hukumomin abinci na Amurka sun ɗauki tsakanin digiri 4 da digiri 60 a matsayin zangon da ƙwayoyin cuta suka fi saurin yaɗuwa. Ƙa'idarsu ita ce kada abinci mai saurin lalacewa ya wuce awa biyu a wajen firji, ko awa ɗaya idan zafin wurin ya haura digiri 32. Wannan ƙa'idar ta shafi kek-pop mai cuku ko madara ko ƙwai, kuma tana da muhimmanci a wajen taro, inda akan jera su a kan tebur tun kafin baƙi su iso. Yara ƙanana suna cikin waɗanda gubar abinci ta fi yi wa illa. Wari da kamanni ba sa isa a gane abinci mai haɗari, domin ƙwayoyin da ke sa ciwon ciki ba lallai ne su canza ɗanɗano ba.

Abincin da aka narkar a cikin firji ana iya mayar da shi firiza ba tare da haɗari ba, sai dai ingancinsa yana raguwa a kowane zagaye. Wanda ya narke a ɗaki ya daɗe kuwa ba a mayar da shi.

A ƙasashe masu zafi

Yawancin wa'adin ajiya da ake gani a littattafan girki an tsara su ne don ƙasashe masu sanyi da wutar lantarki mai ɗorewa. A garuruwa irin su Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai zafin bazara yana kaiwa digiri 40 ko fiye, wato sama da inda man koko yake narkewa. A irin wannan lokacin ajiya a ɗaki ba ta yiwuwa sai in akwai na'urar sanyaya ɗaki. A damina matsalar ita ce raɓa, saboda iska cike take da danshi, don haka narkarwa a rufe ta fi zama dole. A hunturu iska busasshiya ce, raɓa ba ta da yawa, amma curin da aka bari a buɗe yana saurin bushewa ya tsattsage.

Ɗaukewar wuta ma abin lura ne. Bisa jagorar Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi na kusan awa 4 bayan an ɗauke wuta, cikakkiyar firiza tana riƙewa na kusan awa 48, wadda take rabi kuma awa 24. Cika gurbin da ya rage a firiza da gorunan ruwa daskararru yana ƙara mata juriya. Idan wuta ta dawo aka tarar curin yana da sauran ƙanƙara a jikinsa, ana iya barin sa ya sake daskarewa. Idan ya narke ya yi ɗumi kuma yana da kayan madara, zubarwa ake yi. Narkewa da sake daskarewa a kai a kai yana ƙara girman ƙwayoyin ƙanƙara, yana kuma gaggauta ƙunar firiza, don haka inda wuta ba ta tsayawa ana rage wa'adin ajiyar, ana kuma zaɓar kirim na bota da sukari a maimakon mai cuku.

Wajen kai su wurin biki ana amfani da kula mai ƙanƙara a ƙasa, a raba ƙanƙarar da mazubin da tawul ko kwali don kada jiƙa ta kai gare su. Ana fito da su dab da lokacin rabawa, a jera su a inuwa.

Duba kuma

Kek
Cakulan
Firji
Adana abinci
Gubar abinci